Sikeli Ya Auna Gyaɗa, Ya Auna Jariri, Ya Manta da Kaka

Da aka ce kowa ya kawo tarihin wani abu na ƙasarmu don wannan ɗan littafi, wani ya zaɓi sarautar Gobir a Tsibiri, wata ta zaɓi ambaliyar 1945 da ta sa garin Maraɗi ya bar kwari ya koma kan tudu. Ni kuwa sikeli na zaɓa. Na san za ku yi dariya, amma ku bari in faɗi dalili tukuna.

Bara da damina, cikin watan Agusta, ina hutu a ƙauyenmu kusa da Gazawa, kakata ta wajen uba ta miƙe daga gindin turmi sai jiri ya ɗebe ta, ta zube. Muka aza ta a amalanke muka kai ta gidan likita. Majo ya auna jininta, ya yi mata gwajin masassara, bai samu kome ba. Ni da nake taƙama da ɗan karatu, na ce a ɗora ta a kilo. Ta hau, kilo 46. Aka jingina ta da bango, mita 1.52. Majo ya danna wayarsa, ya nuna mini wata takarda manne a bango, ya ce lambarta 19.9, tana cikin kore, wato tsakanin 18.5 da 25. Sai ya ɗan yi shiru yana dubanta, ya tambaye ni: "Da can kilo nawa take?"

Ban sani ba. Babana bai sani ba. Ita kanta ta ce, "Tunda anka haihe ni, wa ya taɓa aza ni bisa wanga abu? Ni buhun gyaɗa ce?" Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, duka a ɗaki. Amma kowa a gida ya san ta faɗa. Zanen da take ɗaurawa ya ƙara zagaye ta, munduwar hannunta kuma, wadda da sai da sabulu take fita, yanzu in ta ɗaga taɓarya sai ta silale zuwa gwiwar hannu. Takarda ta ce lafiya lau, munduwa ta ce a'a. Tun daga ranar nake bin tarihin tambayoyi biyu: me ya sa ba a taɓa auna Kaka ba, kuma daga ina wannan lamba ta bango ta fito?

Kafin sikeli ya zo

Kakanninmu ba da nauyi suke awo ba, da cika suke yi. Hatsi a gona dami ne, a kasuwa tiya ce, a gida rumbu ne. Jikin mutum kuwa ido ke auna shi, kuma an ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ku duba yawan kalmomin da muke da su: ta murmure, ta yi kyau, ta ciko, ta yi ƙiba, ta faɗa, ta rame, ta zube, ta lalace. Ku lura, na farkon duka yabo ne, na ƙarshen duka jaje ne. A harshenmu babu rama mai kyau.

Wannan ba jahilci ba ne, tarihi ne. Tsofaffi har yau suna ambaton Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ko da ba su gan ta ba, iyayensu sun ba su labari. Kakata tana goyo aka yi fari na 1973 zuwa 1974, wanda a ƙarshensa sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau. Bayan shekara goma aka shiga ta 1984, wadda mutanenmu suka raɗa wa suna El Buhari, saboda a shekarar ce gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hanyar Jibiya da Katsina ta toshe a daidai lokacin da rumbuna suka kasance wayam. Kaka takan lissafa abin da suka ci: anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ganyen jiga, tafasa, yaɗiya, har ƴaƴan ƙarangiya. Macen da ta ga haka da idonta, ba za ka zo da takarda ka ce mata siranta lafiya ce ta yarda da kai ba.

Shi ya sa ƙiba ta zama shaida. Mai jego takan yi kwana arba'in ana wanka, ana ba ta kunun kanwa da nama, in ta fito ta ciko sai a ce danginta sun iya riƙo. Amarya in ta rame a ɗakin miji, magana ce. Tsohuwa in ta yi jiki, ana cewa ƴaƴanta sun yi albarka. A yammacin ƙasar nan Zabarmawa har gasar masu jiki suke da ita, hangandi. Ƙiba a wurinmu rumbu ce da mace ke ɗauke da shi a jikinta, don ranar da na tsakar gida ya ƙare.

Sikeli na farko: gyaɗa

Da Kaka ta ce "ni buhun gyaɗa ce", tarihi ta faɗa ba ta sani ba. Sikelin da ƙauyukanmu suka fara sani na ƴan kasuwar gyaɗa ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a can daga 1912, sannu a hankali ya hauro arewa har ƙasar Maraɗi. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna a Maraɗi, masu saye suka bazu kasuwannin ƙauye da kaka, kowa da sikelinsa. Nasara na son haraji da kuɗi, kuɗi kuwa sai da gyaɗa. Da farko ta Kano take bi zuwa Ikko, daga 1953 aka fara karkatar da wani kaso ta Parakou zuwa Kotonu. Bayan mulkin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA ta riƙe fitar da gyaɗa. A wannan ciniki ne alhazan Maraɗi da yawa suka fara tara jari. Fari na shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya kasuwar, wake ya maye gurbinta a gonaki da yawa.

Abin lura a nan shi ne yadda talaka ya fara haɗuwa da kilo. Ya kawo kayansa, wani ya rataya, wani ya karanta lamba da harshen da manomi ba ya ji, aka ba shi abin da aka ba shi. Tiya kowa na ganin cikarta, kilo kuwa sai mai karatu. Tun daga nan lamba ta zama abin wasu, ba namu ba.

Sikeli na biyu: jariri da uwarsa

Sikeli na biyu shi ne wanda yawancinmu muka hau muna tsala ihu, mai ɗan wando da ake ratayawa a reshen bedi ko a ƙofar likita. Da shi kalmar "awo" ta samu sabuwar ma'ana: mace ta tafi awo, wato awon ciki ko awon yaro. Manyan binciken lafiya da aka yi a ƙasar nan gida gida, a 1992, 1998, 2006 da 2012, su ma mata masu shekara 15 zuwa 49 suka tambaya suka auna, tare da ƙananan yara. Mace in ta cika hamsin ta fita daga lissafi. Ko binciken 2007 kan hawan jini da ciwon suga, wanda aka yi da tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara 64 ya tsaya.

Shekarar da awo ya shiga kowane gida a yankinmu ita ce 2005. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka a wasu wurare, kuɗin hatsi ya tashi har buhu ya doshi jikka talatin a wasu kasuwanni. A watan Agusta shugaban ƙasa na lokacin, Mamadou Tandja, ya gaya wa BBC babu yunwa a Nijar, yana kafa hujja da cewa mai kallo zai ga mutane a ƙoshe. Ga ido, ga kuma igiyar awon dantse, ƴar robar nan mai ja da ɗorawa da kore. Igiya ce ta yi gaskiya. A wannan shekara kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Maganin kuwa, Plumpy'nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, tunkuzar gyaɗa ce da madara da suga da mai da sinadarai. Gyaɗar da aka auna aka fitar, ita ta dawo cikin leda. A 2006 gwamnati ta sa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki su zama kyauta. A 2007, daga Mayu zuwa Oktoba, aka raba abincin rigakafi ga yara wajen 60,000 ƴan wata 6 zuwa wata 36 a gundumar Gidan Rumji, aikin da masana abinci na duniya suka yi ta nazari a kansa. A Agye kuma, bayan wannan yunwa, aka kafa rumbunan mata a ƙauyuka, a ranci hatsi da damina a biya da kaka.

Kar wani ya ji ni ba daidai ba. Wannan aiki ya ceci rayuka, wataƙila har da na wasu daga cikin masu karanta wannan takarda. Yaro shi yunwa ke fara kashewa, dole a fara da shi. Amma ku tuna wa ke goyo yaron zuwa layin awo in uwar na da tsohon ciki ko tana gona? Sau da yawa kaka ce. Ta yi tafiyar ƙafa, ta tsaya a rana, aka zura wa jikanta igiya a dantse, aka rubuta a kati, ta goya shi ta koma. Ba wanda ya ce, "Iya, ke ma miƙo hannunki." Ba da mugunta ba, fom ɗin ne ba shi da layinta.

Ina lambar bango ta fito?

Lambar da majo ya lissafa, da Faransanci IMC ake kiranta, a Nijeriya BMI. Lissafinta ba wuya: ka ninka tsawo da kansa, ka raba nauyi da abin da ya fito. Kaka: 1.52 sau 1.52 ya ba da 2.31, a raba 46 da shi, 19.9.

Wanda ya fara wannan lissafi ba likita ba ne. Adolphe Quetelet, ɗan Beljiyam, an haife shi a 1796 ya rasu a 1874, masanin lissafi ne da taurari, shi ya kafa gidan duban taurari na Burusel. Abin da ya dame shi shi ne gano "matsakaicin mutum" a cikin jama'a. A 1832 ya nuna cewa nauyin baligi yana tafiya ne da tsawonsa in an ninka shi da kansa, ya faɗaɗa maganar a littafinsa na 1835. Turawan ƙasarsa ya auna, kuma bai yi don a duba marar lafiya ba.

Masu neman sanin nauyin da ya dace, da farko kamfanonin inshorar rai ne na Amurka, don suna so su san wa zai mutu da wuri su biya. Kamfanin Metropolitan Life ya fitar da jadawalin mata a 1942, na maza a 1943, ya sabunta a 1959, daga bayanan masu halin sayen inshora. Sai a 1972 wani Ba'amurke, Ancel Keys, ya gwada lissafai iri iri a kan mutum sama da 7,000 daga ƙasashe biyar: Amurka, Finland, Italiya, Japan da Afirka ta Kudu. Ya ga na Quetelet ya fi sauran, ya raɗa masa sunan da ake kiransa yau. Mutanen nan dubu bakwai, duka maza ne. Ko mace ɗaya babu, balle tsohuwa.

Iyakokin ma ɗaya bayan ɗaya aka ja su. Ta 18.5 masana uku ne, James da Ferro-Luzzi da Waterlow, suka kawo ta a 1988 don gane baligin da yunwa ta daɗe tana ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da babban rahoto kan awon jiki a 1995, taron Jeniba na 1997 ya tsayar da 25 a matsayin farkon nauyi fiye da kima, 30 farkon teɓa. A 1998 Amurka ta sauko da iyakarta zuwa 25, miliyoyin mutane suka kwanta da nauyi daidai suka tashi da nauyi fiye da kima, ba su ƙara ko loma ba. A 2004 kuma masana na hukumar suka yarda cewa mutanen Asiya suna kamuwa da ciwon suga tun lambarsu ba ta kai 25 ba. Kun ga ke nan, ba wahayi ba ce. Mutane ne suka zauna suka ja layi, kuma suna gyara shi.

Inda lamba ke ruɗi a kan tsohuwa

Na farko, tsawo. Tsufa na rage tsawo, ƙashin baya na matsewa, wasu su ranƙwafa. Wani dogon bincike a Baltimore ta Amurka ya nuna mata na rasa wajen santimita 5 tsakanin shekara 30 da 70, ya kai wajen 8 a shekara 80. To ku lissafa: mace mai kilo 52 da mita 1.60, lambarta 20.3. In ta sauko 1.54 da kilo 52 ɗin nan dai, lambarta 21.9. A takarda ta ƙara jiki, a gaskiya ba ta ƙara kome ba. Ku tuna da matanmu da suka shekara hamsin suna dakon ruwa da icce.

Na biyu, sikeli bai san tsoka da kitse da ruwa ba. Tsufa na cin tsoka, kuma tsoka ce ke ta da mutum daga tabarma, ta hana shi faɗuwa. Tsohuwa na iya rasa tsoka kilonta bai motsa ba. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon zuciya ko ƙoda kuwa, kilonta hawa zai yi alhali ciwo ne.

Na uku, ita kanta iyakar. Tun 1989 majalisar bincike ta Amurka ta ba da shawarar 24 zuwa 29 ga wanda ya wuce 65. A 2014 wasu masana a Ostiraliya suka haɗa bincike 32 na tsofaffi kusan 200,000, suka ga haɗarin mutuwa ya fi ƙanƙanta tsakanin 24 da 31, yana hawa in lamba ta sauka ƙasa da 23, yana kuma hawa in ta wuce 33. A 2021 hukumar lafiya ta Faransa ta ce ga mai shekara 70 zuwa sama, lamba ƙasa da 22 alamar rashin abinci ce, haka ma rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyi a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida. Da wannan ma'auni, 19.9 ɗin Kaka ba kore ba ne.

Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Yawancin tsofaffin da aka yi binciken nan a kansu na ƙasashen Turawa ne, masu dogon ƙashi da cin nama, ba matan Gangara ko Cadakori ba. Akwai tsofaffinmu da sirara ne tun suna ƴan mata, kuma garau suke. Sannan wani lokaci ba rama ke kawo ciwo ba, ciwo ke kawo rama: tarin fuka, ciwon suga da ba a gano ba, ciwon daji, ko haƙoran da suka zube. Shi ya sa tambayar majo ta fi takardar bangonsa daraja. Abin dubawa ba inda tsohuwa take ba ne kaɗai, daga ina ta taso.

Akwai ma wata matsala tamu ta gida. An ce shekara 65, an ce 70. Katin Kaka cewa ya yi an haife ta "wajen 1952", wani malamin ofis ne ya dube ta ya ƙiyasta. Ita da yunwa da sarakuna take lissafin shekarunta.

Ƙanwar Kaka

Don kar ku ce na zo kare ƙiba, ga ɗaya gefen. Kaka na da ƙanwa da aure ya kai Gidan Rumji, bisa babbar hanyar nan da ta ratsa Maraɗi, Agye da Gazawa. Sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta karɓe ta, ta shiga asusun mata irin na Mata Masu Dubara da aka faro a jihar nan a 1991, ta je Makka, kowa Hajiya. Ta daina daka, inji ke yi. Ta daina zuwa rijiya, yara ke yi. Shinkafa, taliya, shayi mai suga, dunƙulen magi a kowace miya. Da na je gaishe ta na lallashe ta ta hau kilo a wani kantin magani: kilo 78, mita 1.58, lamba 31.2. In ta zo ƙauye biki, mata na cewa, "Kai, Hajiya ta ji daɗi." Amma sallah a zaune take yi saboda gwiwa, kuma jininta ya hau, tana shan magani in ta tuna.

Wani jikanta ɗan lakwal ya ga lambar ya ce mata ta bar cin tuwon dare, ta bar nama. Wannan ma kuskure ne. Tsohuwa in ta rage abinci da ƙarfi, tsoka ke fara tafiya kafin kitse. Abin da ya fi yi wa Hajiya barazana ba 31.2 ba ne, hawan jini ne da kitsen ciki da zama wuri ɗaya. Maganinta rage gishiri da magi da suga, tafiyar ƙafa kullum gwargwadon gwiwa, shan magani kan lokaci, da gwajin suga. Ga kuma ƴan matanmu da ke sayen ƙwayoyin ƙiba a tire, irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu maganin kumburi ne mai ƙarfi da ke tara ruwa a jiki, ya ta da jini da suga, ya raunana ƙashi. Wannan kumburi ne, ba ƙoshi ba, kuma ranar tsufa za a biya bashin.

Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya takarda ta ce lafiya alhali tana zubewa, ɗaya gari ya ce ta ji daɗi alhali jini na hawa. Lamba ta ruɗe mu a kan ta farko, ido ya ruɗe mu a kan ta biyu.

Abin da na gano a kwanon Kaka

Da muka dawo daga likita na zauna na sa ido kwana bakwai. Gidanmu akwai jikoki biyar da iyayensu maza suka tafi ci-rani, wani Kano, wani Agadas. In an kawo wa Kaka hurarta, sai ta kira su ɗaya ɗaya, kowa ya kurɓa, abin da ya rage ta ƙara ruwa ta sha. Tuwon dare in ya zo da ɗan nama, na autan jikoki ne. Haƙoranta na ƙasa huɗu suka rage, ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara sun fi ƙarfinta. Kuma duk da haka tana noma ƴar gamanarta, tana daka. Na ce, "Kaka, ke fa?" Ta ce, "Kai dai mijin banza, ba ka kawo cefane ba sai tambaya. Ni na ci nawa tun tuni. Su ne ka girma."

Ba wanda ya hana ta abinci. Ita ke hana kanta, mu kuma muna kiran abin halin kirki muna wucewa. Muka canza abu kaɗan. Ana dama mata kunun gyaɗa da safe, a zauna har ta shanye. Ana dafa wake ya yi laushi, ana daka ƙuli-ƙuli a zuba a kwaɗon zogale, ana sayen nono ran kasuwa, ƙwai in kaji sun yi. Yara kuma aka ƙara musu nasu, don in ba su ƙoshi ba ba za ta ci ba. Cikin Disamba, bayan an gama kaka, na mai da ta awo: kilo 48 da rabi. Na rubuta a bayan littafina na tarihi. Wannan shi ne karo na biyu a rayuwarta.

Abin da za mu iya

Ba mu da ofis, ba mu da mota, amma kusan kowannenmu na da tsohuwa a gida, kuma mun iya karatu. Ga shawarata.

Na ɗaya, mu auna su sau biyu a shekara, da kaka in rumbu ya cika, da kuma Agusta in ya yi ƙasa, a sikeli ɗaya in da hali, mu rubuta da kwanan wata. In kilo ya sauka da kashi goma cikin wata shida, misali daga 50 zuwa 45, a tafi likita ko da takardar bango ta ce kore.

Na biyu, inda babu sikeli akwai zare. A zagaya tsokar ƙwauri inda ta fi kauri, in ba ta kai santimita 31 ba, masu kula da tsofaffi na ɗaukar hakan alamar tsoka ta ragu. Ga mai jiki kuma, a auna tsawonta da zare, a ninka shi biyu, a zagaya cikinta tsakanin haƙarƙari da ƙugu. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, a je a auna jini da suga.

Na uku, mu yi tambayoyin da sikeli ba ya yi. Tana tashi daga tabarma ba tare da an kama ta ba? Ta faɗi a bana? Tana iya tauna? Wa ke cin rabin kwanonta? Zanenta da munduwarta me suka ce?

Na huɗu, ku da ke karatun likita da ungozoma da lissafin jama'a, in ranar rubuta kundin kammala karatu ta zo, ku tuna da matan da suka wuce 49. Ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji an auna yaransu har duniya ta koyi darasi a kansu. Kakannin yaran nan suna nan zaune a gindin bedi ɗaya.

Jiki magayi, in ji Hausawa, amma sai da mai saurare. Watan Agusta mai zuwa zan koma da littafina. Na riga na gaya wa Kaka, ta ce ta yarda ta hau, da sharaɗi guda: in kilo ya ƙaru in biya ta kuɗin ƙarin, kamar yadda ake biyan gyaɗa.